Tankin da Ba a Wanke Ba

An yi wani mutum mai walda a Tudun Wadar Zariya, a shekarun da arzikin fetur ya buɗe, tankokin mai suka cika hanyar Kano. Gwani ne, har direbobi kan yi layi a bakin garejinsa. Tare suke aiki da ƙanensa Kailani, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu.

Duk mai wannan sana'a ya san ƙa'idarta. Tankin da ya ɗauki fetur, ko an juye shi ƙaf, tururin mai na nan a ciki. Sai an wanke shi, an cika shi da ruwa, kafin wuta ta kusance shi. Mutumin nan ya sani, shi ne ma ya koya wa Kailani. Amma da aiki ya yi yawa, sai ya fara tsallake wankin. Ya yi, ba abin da ya faru. Ya sake, ya kwana lafiya. In an yi masa magana sai ya ce, "Ai rai a hannun Allah yake."

Wata rana da hantsi aka kawo tanki mai yoyo, direban yana ta gaggawa. Kailani ya dawo daga kasuwa, ya ɗauki kayan walda, ya ce, "Yaya, an wanke?"

"An wanke. Hau."

Ya faɗa ne yana kallon wani wuri. Kailani ya yi bisimilla ya hau, don bai taɓa shakkar maganar yayansa ba.

Har Ƙofar Doka aka ji ƙarar fashewar tankin. Abin da aka samu na Kailani, a tabarma ɗaya aka naɗe.

Masu ta'aziyya suna cewa ƙaddara ce, yayan kuwa yana sunkuyar da kai. Amma direban ya tsira, kuma ya ji komai. Da maganar ta kai kunnen mahaifiyarsu, ta kira yayan ɗakinta.

"Da bakinka ka ce masa ya hau?"

Ya sunkuyar da kai. Ba ta yi masa baki ba. Ta juya fuskarta ga bango, kuma har ta rasu ba ta ƙara kiran sunansa ba. Gareji ya mutu. Aka riƙa ganinsa zaune a bakin titi, in tanki ya wuce sai ya rufe fuska.

Ya 'yan uwa, wannan tawakkali ne? Allah ya sanar da kai inda haɗari yake, ka take saninka, ka ɗora ƙarya a kai? Wanda ya tsallake ƙa'ida ya kwana lafiya, jinkiri aka yi masa, ba izini aka ba shi ba. Duk wanda ke aiki a ƙarƙashinka, ransa amana ne a wuyanka.

Allah ya kiyaye mu daga sakaci da ƙarya, ya jiƙan Kailani. Amin.