Bindigogi Biyu Na Usta Nazmi

Akwai wani maƙeri a wani ƙauye da ke bakin tafkin Beyshehir, a Turkiyya, ana ce masa Usta Nazmi, wato gwani Nazmi. Bindigar farauta yake ƙerawa a bayan gidansa. Hannu kam Allah Ya ba shi, amma girman kan da ya biyo hannun ya fi hannun yawa.

Doka ta ce duk bindigar da aka ƙera sai an buga mata lamba da sunan maƙerinta a jikin ƙarfe. Sauran maƙera suka bi. Shi kuwa ya ce lamba ɓata ado take yi.

Wata shekara ya ƙera bindigogi biyu daga ice ɗaya, da zanen makwarwa iri ɗaya. Ya ba ɗansa Tahsin guda, ɗayar ya sayar wa wani baƙo da ya zo farautar aladen daji. Ko sunan baƙon bai tambaya ba.

Matarsa Gulizar ta ce, "Usta, don Allah ka buga wa ta yaron nan lamba."

Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Lamba? Tunkiya ce da za a huda mata kunne? Ke dai je ki duba miyarki."

Tahsin mutum ne mai gudun rigima. Da ya ji ana kama masu bindiga marar lamba, tsoro ya kama shi. Ya shiga kwalekwale ya jefa tasa tsakiyar tafki, bai gaya wa uban ba don ya san faɗan da zai sha.

Da kaka aka harbe wani makiyayi a dutse. Aka tsinci bindiga a cikin ciyawa, da zanen makwarwa a jikinta. Kowa a ƙauyen ya taɓa ganin irinta a kafaɗar Tahsin, ga shi kuma Tahsin ya taɓa cacar baki da mamacin kan awaki da suka shiga gona. Aka ce ya kawo tasa. Ya ce tana ƙasan ruwa. Wa zai yarda?

Ranar shari'a aka miƙa wa Usta Nazmi bindigar.

Alƙali ya ce, "Aikinka ne?"

"Aikina ne, ranka ya daɗe. Amma biyu na yi, wannan ta baƙo ce."

"Wane baƙo? Ina sunansa? Nuna mini abin da ya raba ta da ta ɗanka."

Tsohon ya juya ta, ya shafa icen, ya kai ta kusa da idonsa. Wallahi abin haushi, ƙwarewarsa ce ta ci shi, don ko ƙwarzane ɗaya bai bari ya bambanta su ba.

Tahsin ya ce, "Baba, duba da kyau mana. Kai fa ka ƙera ta."

Ya duba, ya sake dubawa. Bai ga komai ba.

Aka wuce da Tahsin gidan yari. Gulizar ta tsaya a ƙofar kotu ta dubi mijinta, idonta a bushe, ta ce, "Koma gida kai kaɗai, Usta. Ni garin da aka tsare ɗana nan zan tare."

Darasi: Ƙa'idar da kake rainawa yau, wataƙila ita kaɗai ce za ta tsaya wa naka gobe. Girman kai ba ya tsayawa kan mai shi, har 'ya'yansa yake ci. Tura wa wanda ka san ba ya jin shawara, ko Allah zai sa ya farga tun da sauran lokaci.