Dodo da Garin da Ba Ya Saura

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo mu ji, mai gyangyaɗi ya yi asara.

Wata yarinya ce a garinmu, Lantana, jikar ungozoma. Kakar tana da ƙwarya. In an haihu ta jefa tsakuwa, in an mutu ta cire. Lantana kuwa ba ta da abin wasa sai tsakuwoyin nan. Ta kasa su haka, ta kasa su haka, har ta san halinsu: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ne cif, yawan mutanen garin ke nan.

Ran nan sai ga Dodo a bakin ganuwa. Ya ce, "Mutum ɗaya nake so. A ba ni tsohuwar can mai ƙwarya."

Kowa ya ja da baya. Sarki ma ya yi tsuru-tsuru. Lantana ta tsaya gaban kakarta, ta ce, "Ranka ya daɗe, babba ba ya zaɓe kamar mai sayen gwanda. Ka jera mu sahu-sahu yadda ka ga dama. Wanda ya yi saura, naka ne."

Dodo ya ce, "Biyu-biyu!" Aka jeru, tsohuwa can ƙarshe da sandarta. Ba saura.

Ya ce, "Bakwai-bakwai!" Aka jeru. Sahu ɗari uku da sittin, ba saura. Kai, mutanenmu! Ko a jeri ba ma yar da namu.

Dodo ya hura hanci, ya ce, "To, sha ɗa..."

Lantana ta sani sarai, sha ɗaya-sha ɗaya na barin mutum guda, kuma kakarta ce. Sai ta tuntsire da dariya. "Wai sha ɗaya! Kai da yatsu goma? Anya ko goman ka iya?"

"Ni? Goma-goma! Na rantse da kabarin uwata, duk wanda na gani a sahu shi kaɗai, sai na cinye shi!"

Aka jeru. Ba saura. Dodo ya ce ƙarya ne, an ɓoye wani.

Lantana ta ce, "Daga nan ba ka gani. Koma bayan kakata ka miƙe, ka hango da kyau."

Wawan ya je ya tsaya ƙiƙam. Yarinya ta nuna shi, ta ce, "Jama'a, wa ke tsaye shi kaɗai?"

Gari ya ɗauka baki ɗaya: "Dodo!"

Rantsuwa ba ta da ƙofar baya. Ya kama wutsiyarsa yana ci yana kuka, ya ci ƙafa, ya ci ciki, sai haƙora suka zube ƙasa. Tsohuwa ta dafa kan jikarta, ta ce, "Wannan ni na yanke mata cibi, kowa ya ji."

Wanda ya san yawan nasa, ba a cinye masa ko ɗaya.

Ƙurunƙus kan gafiya! In da ƙarya, Gizo ne ya ɗana.