Wanda Ya Ɗauke wa 'Yan Tsaki Wuta

Akwai wani a cikinmu da ya yi kisa, kuma har yau yana zuwa sujada da gogaggiyar riga, ya zauna a bencin gaba, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. Bai ɗauki wuƙa ba, bai zagi kowa ba, wuta kawai ya ɗauke. Ba zan kama suna ba, domin in na fara, sai rana ta faɗi ban gama ba. Ku dai saurari misali. Wanda ya ga fuskarsa a ciki, shi ya san abin da zai yi da ita.

Akwai wani mutum, manomi, wanda gonarsa ta ƙi shi har rumbunsa ya zama gidan ɓeraye. Sai ya ce zai gwada kiwon kaji. Ya tafi birni ya sayo 'yan tsaki irin waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa, aka zuba masa su a kwali mai huji-huji, ya ɗauro a bayan keke. Gidan duka ya sa rai a kansu, domin su ne za su riƙe iyalin har kaka ta zo.

To, tsakon inji bai san uwa ba. Ya fasa ƙwai, ya buɗe ido, ba fiffike a kansa, sai 'yan uwansa masu rawar sanyi irinsa. Mai kiwo shi ne uwar. Mutumin nan kuwa, a ba shi gaskiyarsa, ya yi uwa ta kirki. Ya share ɗakin da yake ajiye garma, ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ya toshe taga da buhu. Ya kafa kaskon garwashi a tsakiya, ya kife shi da tsohuwar tukunya mai huji don kada su faɗa ciki. Duk zamansu a ɗakin nan wuta ba ta taɓa mutuwa ba. Saboda haka bai taɓa ganin abin da tsako yake yi in sanyi ya kama shi ba.

Matarsa, Bilhatu, ta yi haƙuri har ta gaji. Gawayin girkinta ne yake ƙarewa, warin kuma ya kai har inda suke kwana. Ta ce tun da ta shigo gidan nan bai taɓa tashi ya duba ko ita tana jin sanyi ba, amma ga shi yana yi wa kaji fifita.

A maƙwabta akwai wata tsohuwa, Mama Keziya, mai jar kaza guda ɗaya. Kazar ta yi ƙyanƙyasa a daidai lokacin da mutumin ya kawo nasa. Kowace safiya 'ya'yanta sukan ratso danga, su yi ta tono a jiƙaƙƙiyar ƙasa, raɓa har wuya, ko a jikinsu. Wata rana Bilhatu ta nuna su da ludayi.

Ta ce, "Baban Habila, dubi na Mama Keziya. Sa'annin naka ne fa. Naka kuwa suna ɗaki ana hura musu wuta, sai ka ce masu jego."

Maganar ta soke shi. Ya shiga ɗakin ya duba, ya ga farin gashi ya rufe musu fikafikai, sun yi tsayi, suna tsalle suna hawa kan tukunya. Ya ce lallai sun girma. Ya kafa musu akurki a bayan gida, ya kewaye da ragar waya, ya rufa da kwano mai kyau. Lokacin marka ne, amma ran nan gari ya waye da rana tas. Ya kwashe su ya kai waje, ya zubar da garwashi, ya miƙa wa Bilhatu kaskonta ya ce ta huta da mita.

Mama Keziya ta leƙo ta kan danga ta tambaye shi ina wutarsu. Ya yi dariya, ya ce ita ta taɓa hura wa nata wuta? Ta ce ba ta taɓa ba. Ta ga bai shirya jin sauran maganar ba, ta koma bakin murhunta.

Da la'asar hadari ya haɗu, aka yi ruwa da iska, bayansa sanyin nan mai shiga ƙashi ya sauka. Mutumin ya rufa buhu a ka ya je dubawa. Kwano bai yi yoyo ba, ko ɗigo bai taɓa su ba. Sun taru a lungu guda, wannan kan wancan, sun yi tudu kamar tarin auduga, suna ta ƙara. Ya kira matarsa da murna.

Ya ce, "Zo ki ga haɗin kai. Suna ɗumama junansu, ba su bukatar kowa."

Ya koma ɗaki ya ci tuwonsa da kwanciyar rai.

Da gari ya waye ya kawo musu dusa. Na sama suka sauko suka hau ci. Na ƙasa ba su tashi ba. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sun baje kamar an bi ta kansu da turmi. Ba muzuru ba ne, ba shaho ba ne, ba cuta ba ce. Kuma waɗanda suka mutu ɗin su ne ƙananan cikinsu, waɗanda sanyi ya fara kamawa suka riga kowa gudu lungu. Kowane tsako yana cusa kai ƙarƙashin ɗan uwansa, yana neman fiffiken da babu shi, har suka danne na ƙasa.

Yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, sai ga Mama Keziya ta shigo da jar kazarta a hammata. Ba ta ce masa ai na tambaye ka ba. Ta kama tsako guda cikin masu rai, ta ɗaga fiffikensa ta hura. Ƙarƙashin farin gashin nan jar fata ce tsirara. Sannan ta kama hannun mutumin ta cusa shi ƙarƙashin fiffiken kazarta. Ya ji ɗumi kamar gefen murhu.

Ta ce, "Ɗana, ka ga nawa suna yawo cikin raɓa, amma ba ka ga inda suke komawa ba. In sanyi ya cije su, nan suke rugowa, su ɗumama, su sake fita. Naka da suka ruga jiya, wa suka tarar?"

Ya tambaye ta ko ya mai da su ɗaki ne ya kulle. Ta ce a'a, tsakon da ya daɗe a ɗaki ba ya yin ƙwari, ƙafarsa ma lanƙwashewa take.

Ta ce, "Ka bar su a waje. Wutar ce za ta biyo su."

Bilhatu tana tsaye tana ji. Ta je ta sauke tukunyar kununta, ta juye garwashin a kasko, ta kawo shi bayan gida da hannunta. Suka rataya buhu ta ɓangaren da iska ke bugowa. Da rana tsakin su sha rana su yi tono, da yamma a hura musu wuta. Sannu a hankali suka riƙa kwana nesa da tukunyar, har wata safiya mutumin ya tarar ba ko ɗaya a kusa da ita. Sai a ranar ya ɗauke kasko. Waɗannan suka rayu, suka zama kaji. Amma waɗanda ya binne a bayan rumbu ba su dawo ba, tuwon gidan kuma bai kai su kaka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: 'yan tsakin kwali su ne sababbin tuba, waɗanda suka ɗaga hannu a taron bishara da yawansu a lokaci guda, sannan suka koma gidajen da ba mai addu'a a ciki. Wani matarsa ta daina yi masa magana. Wata abokan shan burkutunta suna jiranta a bakin ƙofa. Ɗakin ɗumi shi ne ajin baftisma, kuma a nan muna ƙoƙari, ban hana mu ba. Muna koya musu, muna bin su gida, muna tambayar lafiyar yara. Ranar da suka fito daga rafi kuwa, mu yi waƙa, mu ci shinkafa, mu ɗauki hoto, mu zubar da garwashi.

In ka tambayi dalili, sai ka ji wai ai namu 'ya'yan ba wanda yake bin su gida, ga su nan tsaye cikin bangaskiya. Kai malam, ɗanka yana da inda yake komawa. In duniya ta cije shi, uwarsa tana nan, kakarsa tana durƙushe tana kiran sunansa a gaban Allah tun kafin ya iya tafiya. Wancan kuwa, wa zai tarar? Ka ga farar riga, ka ji ya haddace aya, ka ji amin ɗinsa da ƙarfi, ka ce ya girma. Gashin fiffike ka gani. Ba ka matso kusa ka ga abin da ke ƙasa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Muna ganinsu sun cunkushe a bencin baya, su zo tare, su tafi tare, sai mu ce dubi zumunci. Wane zumunci? Sanyi ne. Mai rawar ɗari ya jingina da mai rawar ɗari, mai tambaya ya tambayi wanda bai sani ba, mai kuka ya kai kukansa wurin wanda nasa ya fi yawa. Mafi rauni a cikinsu shi ake dannewa, wata Lahadi a neme shi a rasa. Mu kuma mu gyara zama mu ce dama ba tuban gaske ya yi ba. Wato mun ɗauke wuta, kuma mun ɗora wa gawa laifi.

Ban ce a riƙe su a aji har su yi furfura ba. Dole su fita kasuwa, su fita gona, su ji iska. Amma wutar ta bi su. Wutar nan kuwa ba wani abin mamaki ba ne: ƙafarka ce zuwa ƙofarsu, tabarmar gidanka ce, kwanon tuwonka ne, kunnenka ne in suna maganar da ba ta da kan gado. Za ta ci maka gawayi, kamar yadda ta ci na Bilhatu. Kuma ba kai za ka yanke ranar ɗauke ta ba. Ranar da ka je gidan ɗayansu aka ce maka ya tafi duba wani sabon tuba, ranar nan ka ɗauki kaskonka.

Yanzu kai mai karatu, kai da kake cewa a ranka ba da kai nake ba. Baftismar da aka yi ta ƙarshe a ikilisiyarku, kana bakin rafi, ka tafa hannu. Faɗi sunayen waɗanda suka fito daga ruwa. Faɗi inda kowannensu yake ranar Lahadin da ta wuce, da ƙofar wanda ka ƙwanƙwasa tun daga ranar. In ka iya, tashi a gaban jama'a ka ce ƙarya na yi maka.