Farin Saƙin Iya Tabawa

To, ku matso kusa, ku bar ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku, da allurarta da zarenta.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Wata yarinya ce ana ce mata Kuluwa, tana zaune wurin kakarta Iya Tabawa. Ita Kuluwa ba ta da aiki sai tara 'yan tsana. Akwai na kara, akwai na laka, akwai na ƙashin ƙafar saniya da ake yi wa kitso da baƙin zare. Ta cika lefe guda da su. Kuma ba ta yarda ɗaya ta zauna tsirara. Kullum tana gindin keken tela tana tsintar ƙyallaye, ta dawo ta zauna a inuwar rumbu ta yi ta ɗinki. Wannan riga, wannan zane, wannan ɗankwali kamar kunnen akuya. In aka aike ta ɗebo ruwa sai ta ce bari ta ƙarasa hannun riga. Irinku ce sak.

Ana nan sai ta samu sababbin 'yan tsana uku, ta kara, ta laka, da ta ƙashi. Sai aka yi rashin sa'a, tela ya yi tafiya, babu ƙyalle ko na ɗaure yatsa.

Sai 'yar tsanar kara ta ce, "Inna Kuluwa, kowa da riga, ni ce bare?"

Kada ku tambaye ni ko 'yar tsana tana magana. Kuluwa dai tana jin nata.

Sai ta shiga ɗakin Iya tana dube-dube. Ta buɗe adudu, can ƙasa ta ga wani farin saƙi a naɗe, mai laushi, yana ƙanshin turare. Ta ce a ranta, "Wannan ai Iya ba ta ɗaura shi. Ko da salla ban taɓa ganin shi a jikinta ba."

Gaskiyarta, Iya ba ta ɗaura shi. Likkafaninta ne. Tsofaffin da haka suke, mutum ya tanadi abin da za a rufe shi da shi tun yana da ƙarfi. Iya Tabawa da hannunta ta kaɗa zaren, shekara da shekaru, tun idonta yana gani. Yanzu ido ya yi hazo, yatsu sun ƙi juya mazari. Wannan ɗin shi ke nan gare ta, ba za ta iya yin wani ba.

Kuluwa ba ta sani ba. Sai ta sa reza ta yanki kaɗan ta bakin, ta ɗinka wa ta kara riga.

Kashegari sai ta laka ta ce, "Inna Kuluwa, ita ta samu fari, ni fa?"

Sai ta koma adudu ta yanko na zane. Wannan karon ta ɗan ƙara, don ta laka mai ƙiba ce.

Rana ta uku sai ta ƙashi ta ce, "Ni ce babbarsu. Riga da zane da mayafi nake so."

Sai ta koma ta yanko. Ta naɗe sauran ta mayar yadda ta same shi. Ta jera su uku a kan faifai, fari fat, tana ta murna.

Da damina ta wuce, sai Iya ta ce a fito mata da adudu. Al'adarta ce duk shekara ta shanya saƙin ya sha rana, don kada asu ya ci. Ta zauna a tabarma ta warware shi, tana aunawa da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamu ɗaya, kamu biyu, har ta kai ƙarshe. Sai ta tsaya. Ta sake aunawa. Ta shafa bakin ta ji ya yi gatsa-gatsa.

Ta ce, "Kuluwa, zo ki duba mini. Asu ne ko ɓera?"

Kuluwa ta ce, "Mene ne shi, Iya?"

Ta ce, "Mayafin tafiyata ne. Ranar da na rasu, a ciki za a naɗe ni. Ga shi ya rage kamu biyu, ba zai rufe ƙafata ba."

Nan Kuluwa ta gane abin da ta yanka. Da ta so, da ta ce ɓera ne, tun da Iya da kanta ta ba ta hanya. Sai ta tashi ta ɗauko faifan nan ta ajiye a gaban tsohuwa, ta fashe da kuka.

Iya ta laluba ta ɗauki ta ƙashi. Ta shafa rigar, ta bi ɗinkin da farce. Ranta ya ɓaci ƙwarai, wannan ba a ɓoye yake ba.

Can sai ta ce, "Ja'ira, ashe hannunki ya faɗa. Ko ƙulli ɗaya ban ji ba."

Kuluwa ta ce, "Bari in tuɓe musu in haɗa miki, Iya."

Ta ce, "A'a. An ba yaro riga, ba a karɓewa. Kuma ni ba za a rufe ni da hannun rigar 'yar tsana ba. Abu ɗaya nake gudu, ranar a shiga maƙwabta ana roƙon abin da za a lulluɓe ni. Ɗauko mazari da alli. Ke kika rage shi, ke za ki cika."

Sai aka fara. Iya ta koya mata gurzar auduga, ta koya mata shiɓa, ta koya mata yadda ake shafa alli a yatsa a murza mazari. Kuluwa tana kaɗi, 'yan tsana suna jere suna kallo, babu mai neman ko ɗankwali.

Da zare ya taru sai ta kai wa masaƙi, wani dattijo Baba Nagoma. Ya juya shi ya ce, "Yarinya, saƙa kike so ko ɗaure akuya? Koma."

Ta koma. Audugar wata shekara ta zo, ta sake kaɗawa, ta kai. Ya ɗan ja sai ya tsinke. Ya ce, "Wancan igiya, wannan yanar gizo. Koma."

Ta dawo gida, ta ƙi taɓa mazari har kwana bakwai.

Iya ta ce, "Kin gaji ne?"

Ta ce, "Ban gaji ba. Tsoro nake ji. In na gama, tafiya za ki yi."

Iya ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke ki ji shirme. Can da yake cikakke, shekara nawa yana adudu, ina nan ina cin tuwona? Ki gama ko kada ki gama, ranata tana nan inda take. Ni dai ki bar ni in jira ta da kwanciyar rai."

Sai Kuluwa ta ɗauki mazari. A karo na uku Baba Nagoma ya ja zaren, ya sake ja, ya gyaɗa kai ya saƙa. Ba wai ya yi kyau ba ne. Wani wuri kauri, wani wuri siriri, duk ƙuraje. Kuluwa ta haɗa shi da tsohon saƙin da ɗinkinta na 'yan tsana, ƙanana-ƙanana. Iya ta auna, ya cika, ta ce a mayar adudu.

Bayan nan Iya ta ƙara damina shida a duniya. Wata ranar Laraba da hantsi Allah ya yi mata rasuwa. Mata suka warware saƙin, sai wata ta ga ƙarin nan ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan mai kaushin a juya shi ta waje, kada ya taɓa ta."

Sai tsohuwar da za ta yi wankan ta ce, "Bar shi. Ta yi mini wasiyya tun bara. Ta ce mai kaushin nan shi za a sa ta ciki, daidai ƙirjinta, don hannun Kuluwa ne."

Haka aka yi. Ba a shiga gidan kowa roƙo ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ya leƙa adudu ya koma raminsa. Abin da kuka gani a ajiye ba a amfani da shi, ku tambaya kafin ku sa reza. In kuwa kun riga kun yanka, kada ku ce ɓera ne.