Abin Da Hajiya Hauwa Ke Binnewa a Gindin Lemo

Akwai wani Alhaji Falalu a Nassarawa GRA, mutum mai rufin asiri da sakin hannu, sai dai Allah ya jarrabe shi da zargi. In ya yi tuntuɓe a ƙofar gida, to wani ne ya ajiye masa dutsen. In kansa ya yi ciwo, hannu aka sa masa.

Abin ya ƙara lalacewa da ya fito neman kujerar ɗan majalisa. Wanda za su kara da shi a zaɓen fid da gwani ba kowa ba ne illa Alhaji Zakari na Giginyu, yayan matarsa Hajiya Hauwa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ana cikin haka ragonsa ya kwanta. Wani ƙaton balami ne da yake kiwo don layya, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Rago ya daina cin dusa, ciki ya kumbura, dole aka yi sauri aka sa masa wuƙa.

Ana cikin fiɗa Hajiya Hauwa ta same shi a bakin mota.

"Alhaji, mahauci ya ce ka zo ka ga abin da ya fito daga tumbin ragon nan."

"Ba sai na gani ba," in ji shi. "Ni aka jefa, ya faɗa kan rago. Na kuma san daga unguwar da aka turo."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ja ƙofar mota.

Bayan 'yan kwanaki sai ya ga abincin gidansa ya canza kaya. Tuwon da aka saba mulmulawa a leda, ga shi a naɗe cikin ganye. Alale ma a ganyen ayaba, an ƙulle shi tam da zaren kaba. Abincin sadakar Juma'a da na magoya bayansa kuwa, an daina zuba shi a roba, sai a wasu kwanuka marasa nauyi masu kalar ƙasa.

Alhaji Falalu ya ɗaga ƙullin alale da yatsu biyu, ya juya shi. Shi dai a saninsa, abin da ake ƙullewa a ganye a ɗaure da zare ba daga kicin yake fitowa ba.

"Hajiya, wannan kuma sabon salon na mene ne?"

"Leda na daina, Alhaji. Ai yanzu ko a gidajen biki ana ta barinta. Kwanukan nan da tuƙar rake ake yin su, in an yar ruɓewa suke. A gidan Yaya Zakari na fara gani, matarsa ta kwatanta min inda ake sayarwa."

Duk bayanin nan, sunan Zakari kaɗai ya shiga kunnensa. Ya ture faranti ya ce a ƙoshe yake.

Daga ranar ya daina cin abincin gida. Babban mutum da shi, sai ya faka mota a gefen titi ya ci tsire da burodi, ya goge baki, ya shigo yana cewa azumin nafila ya kai. Matar da suka haifi 'ya'ya har suka aurar, ita yake bi da ido kamar ɓarauniya.

Wata rana bayan la'asar ya leƙa ta taga. Sai ga Hajiya Hauwa a lambun bayan gida, durƙushe a gindin lemon tsamin da ya dasa shekarar da aka kawo ta gidan. Ta tona rami, ta juye wani abu daga bokiti, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da ƙafa.

Binne a cikin gidansa! Ya ji tsoro, ya kuma ji wani irin daɗi mara kyau, na wanda zarginsa ya tabbata.

Bai tambaye ta ba. Washegari ya ɗauko Malam Jibrin mai ruƙiyya, ya kuma kira Alhaji Zakari a waya ya ce ya zo maza, maganar ƙanwarsa ce.

Suka taru a gindin lemo, aka kira Hajiya Hauwa ta fito da mayafinta.

"Ga shi nan a gaban yayanki da ya aiko ki," in ji Alhaji Falalu. "Yanzu za a tono. In asiri ne, wallahi daga nan sai ofishin Hisba, kuma zamana da ke ya ƙare."

Alhaji Zakari ya yunƙuro, ta ɗaga masa hannu. "Bar shi, Yaya. A tona."

Malam Jibrin ya yi bisimilla ya sa fartanya. Ganyen ayaba ya fito, ya yi baƙi. Gutsattsarin kwanuka suka fito, rabi ya riga ya koma ƙasa. Ɓawon albasa, ɓawon ƙwai. Malam ya damƙo ya murza, ya shinshina, ya dubi mai gida.

"Alhaji, ni dai ban ga laya ba, ban ga allura ba. Taki na gani."

Hajiya Hauwa ta shiga sito ta fito da wani dunƙulallen abu kamar ƙwallo, ta ajiye a gaban mijinta.

"Ga jifan da ya kashe ragonka. Na wanke na shanya, ina jiran ranar da za ka yarda ka kalla. Ledar tuwonmu ce da ta alalenmu, a bolar bayan kicin ya yi ta ci. Shi ya sa na daina. Lemonka kuma na ga yana bushewa, na ce bari in riƙa ba shi abin da ya rage."

Sai a lokacin ya ɗaga kai. Sabon toho ne ko'ina a jikin bishiyar, kore shar.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta shiga motar yayanta.

Wanda ya rantse ba zai taka Giginyu ba har a gama zaɓe, sai ga shi yana sintirin biko, yana zama a falon Alhaji Zakari cikin yaran siyasar da ke ƙunshe dariya. Tikitin ma a ƙarshe wani can daban jam'iyya ta ba.

Da ƙyar da sa bakin manya ta dawo. Ranar ta yi masa alale mai zafi a ganye, ta kawo, ta kwance zaren a gabansa. Ya miƙa hannu cikin murna, sai ta riga shi. Ta gutsura ta ci, ta haɗiye, sannan ta tura masa farantin.

"Haba Hauwa, mene ne haka?"

"Don hankalinka ya kwanta, Alhaji."

Ya roƙe ta, ya sake roƙonta. Ta ce ta yafe, kuma da gaske ta yafe. Amma har yau ba ta ajiye masa abinci sai ta fara ɗanɗanawa a gabansa, shi kuma kullum lomar farko da ƙyar take wuce masa.

Darasi: Kafin ka zargi na kusa da kai, tambaye shi, kuma ka tsaya ka ji amsar har ƙarshe. Mummunan zato zunubi ne, ana iya yafe maka shi amma zaman bai cika komawa yadda yake ba. Sannan mu rage leda a gidajenmu, dabbobinmu take kashewa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake dab da tona irin wannan ramin.