Katangar Abdulgafar da Igiyar Rijiya

Akwai wani saurayi mai suna Abdulgafar, ɗan wani ƙauye a kwarin Tarka, kusa da Belbeji. Shi ne na farko a garinsu da ya shiga jami'ar fasaha ta gwamnati, wadda aka buɗe don 'ya'yan karkara su koyi aikin ruwa da gini su koma su amfani gida.

Yaron ya sha wuya, wannan kam ba a ƙwace masa. Su shida a ɗaki ɗaya, layin abinci tun daga bakin ƙofa har gindin bishiya, ga yajin aiki da ya cinye musu rabin shekara. Amma kansa na ja, kuma ya san yana ja. Nan matsalar take.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi aiki na zahiri, malama ta zo ta gani da idonta, sannan a ba shi digiri. Abdulgafar ya zaɓi babbar rijiyar garinsu. Zai zagaye ta da katanga, mita goma sha biyar daga baki, da ƙofa ɗaya, don kashin dabbobi ya daina gangarawa cikin ruwan sha.

Da damina ya zo awo. Lokacin dabbobi na sha a tafki, rijiyar ba kowa sai gwafanni huɗu na itace, inda ake ɗora igiyar guga, a tsaye a bakinta. Ya auna, ya rubuta, ya ga wasu kwaruruka huɗu sun miƙe daga rijiyar zuwa daji, ya rubuta: zaizayar ƙasa, a cike.

Kawunsa Ɗan Azumi, tsohon mahaƙin rijiya, yana zaune yana kallonsa. Ya ce, "Ɗan nan, ka auna igiya kuwa?"

Abdulgafar ya yi dariya. "Kawu, igiya ba ta cikin lissafi. Ku bar mana wannan, aikin boko ne."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Da kaka magina suka tashi katanga, fara tas, har ƙirjin mutum. Abdulgafar ya ɗauki hoto ya fi ashirin ya tura wa abokansa.

Saura kwana uku Madam Raishatu, malamarsa, ta iso, tafki ya ƙafe. Garke ya dawo rijiya.

Wani makiyayi, Sidi, ya shigo da raƙuminsa ta ƙofar, ya ɗaura masa igiya, ya zura wasaki, wato babban gugan fata. Rijiyar wannan yanki na Damargu ba a janta da hannu, zurfinta gaba arba'in ne. Raƙumi ke ja, ya yi ta tafiya har gugan ya fito. Raƙumin Sidi ya yi 'yan taku, ya ci karo da katanga, ya tsaya yana kallonta. Wasaki na can yana reto a cikin duhu, ko rubu'in hanya bai yi ba.

Aka gwada ta ƙofar. Ƙofar tana gabas, ba ta saitu da gwafa ko ɗaya ba, igiya sai gurzar siminti take tana tsinkewa.

Kafin azahar shanu sun fi ɗari uku a bayan katanga suna kuka. Sidi ya zo har gaban Abdulgafar, idonsa ja. "Kai ne mai ginin? Gobe in rana ta fito ba su sha ba, wallahi da diga za mu zo."

Hankalin Abdulgafar ya tashi. Ya buɗe kwamfuta ya rufe. Ya kira abokin karatunsa, ya ce masa ya sa famfo mai hasken rana, kamar famfo a aljihu yake. Ya zagaya katangar ya fi sau goma, ya zauna, ya miƙe, aka kawo masa fura ya kasa sha. In aka rushe ginin, shekara uku na wahala sun tafi a banza. In aka bar shi, dabbobin mutane za su mutu saboda shi. Kukan shanun nan kuwa har cikin ƙashinsa yake ji.

Da la'asar ya je ya durƙusa gaban Ɗan Azumi. "Kawu, ku yi mini rai. Na yi wauta."

"A'a, injiniya da kansa? Ai na ɗauka igiya ba ta cikin lissafi."

Abdulgafar ya sunkuyar da kai. Tsohon ya bar shi ya ɗan dahu, sannan ya ɗauki sandarsa.

A bakin rijiya ya miƙa masa bakin igiya. "Tsallaka katangarka, ka yi ta tafiya sai ta ƙare." Abdulgafar ya yi ta tafiya yana ƙirga. Mita saba'in da biyu. Da ya waiwaya, katangarsa ta koma 'yar ƙarama.

Ɗan Azumi ya tono ƙasa da sanda. "Kwarin da ka sa aka cike, ba ruwa ya ci shi ba. Sawun raƙuma ne, tun kakanka na da rai. Gwafa huɗu, hanya huɗu, kowace zuriya da tata. Ka buɗe musu, ka sa ƙyaure, in an gama shayarwa a rufe. Tsabtarka tana nan, ruwansu yana nan."

Abdulgafar da hannunsa ya ɗauki guduma ya fara fasa katangar da ya yi wa hoto. Sidi da mutanensa suka kama masa. Kafin magariba wasaki na farko ya fito yana zubar da ruwa, shanu suka yi shiru.

Da Madam Raishatu ta iso, ta dubi takarda, ta dubi gini. "A zanenka ƙofa ɗaya ce. Wa ya ba ka dabarar huɗu?"

Tsohon yana nesa, ba zai ji ba. Kalma ɗaya, "ni", ta isa. Abdulgafar ya ce, "Madam, ba tawa ba ce. Zanena ya hana dabbobi ruwa yini guda. Wancan tsohon ya gaya mini tun damina, na yi masa dariya."

Ta ce, "Ni na sa wa zanen nan hannu, ni ma ban tambayi igiya ba." Ta cire takalmi, ta zauna a tabarmar Ɗan Azumi da littafinta, ta yi ta tambaya har rana ta karkata. Ta ce Abdulgafar ya sake rubuta aikin daga farko. Abokansa suka fita a watan Yuli, shi sai da ya ƙara wata huɗu.

Ranar da ya dawo gida da kundin aikinsa, ya buɗe shafin farko ya nuna wa kawunsa. Tsohon bai iya karatun boko ba, ya ce, "Me aka rubuta nan?"

"Sunanku ne, Kawu."

Ɗan Azumi ya shafa takardar da yatsa, sannan ya ce, "Ka manta da raƙumin Sidi. Ni na faɗa ba ka ji ba, shi da ya faɗa ai ka ji."

Darasi: Ilimin makaranta haske ne, amma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Kafin ka gyara wa mutane abinsu, tambaye su yadda suke amfani da shi, in kuma ka yi kuskure ka amsa da bakinka. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, musamman masu shirin komawa gida da digiri.