Tungar Maje Har Uku

Ga wata gare ku, ba ta zamanin kakanni ba ce, ta bara waccan ce. Ku saurara da kyau, don ku za ku yanke shari'ar.

Inna Dudu ta shekara shida yanar ido ta rufe mata gani. Sai wata ƙungiyar likitoci ta sanar cewa motarta za ta sauka a duk ƙauyen da ya shigar da masu ciwon ido ɗari biyu a shafinta na intanet kafin azahar ɗin Alhamis. 'Ya'yan Inna uku ne a Tungar Maje, kuma kowannensu ya daɗe da sanin cewa shi ne mai hankalin gidan.

Barira, ta tsakiya, ita ta ɗauki littafi ta bi gida-gida har rugage. Kwana tara tana yawo, ta dawo da sunaye ɗari biyu da sha ɗaya da silifa ɗaya tsinkakke.

Kamilu ƙaninta, mai aikin kwamfuta a birni, ya iso safiyar Alhamis. A shafin, kowane mutum sai an cike masa fom, a taɓa wani akwati, jerin ƙauyuka ya zubo, a zaɓi ɗaya. Da irin sabis ɗin garin, a yi wannan da hannu sai Sallah mai zuwa. Kamilu ya rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni: ta cike fom, ta nemi sunan Tungar Maje a jerin, ta zaɓa. Kafin shayinsa ya huce an gama. Ya miƙe ƙafa.

Barira ba ta yarda da aikin da bai sa mutum gumi ba. Ta leƙa, ta ga shafin ya ce Tungar Maje na da mutum ɗari biyu da hamsin da takwas.

"Malam injiniya, yaushe makafinmu suka haihu?"

Kamilu ya janye ƙafarsa. Da ya bi jerin a hankali, sai ga Tungar Maje har uku, rubutu iri ɗaya. Umarninsa ya cafki ta farkon da ya tarar, ya kai Inna garin wasu. Ya buɗe cikin shafin, ya nuna mata cewa bayan kowane suna akwai ɓoyayyiyar lamba, kuma lambar shafin ke aikawa, sunan na idon mutane ne kawai. Layi ɗaya zai canza, ya ce kwamfutar ta zaɓa da lamba. Sai dai saura lambobi biyu, 118 da 407, bai san wacce ce ta garinsu ba, ga shi gyara sau ɗaya aka yarda a yi.

Babban wansu Tasi'u na gefe yana gyaran babur. Bai taɓa danna kwamfuta ba, kuma bai taɓa jin ya yi rashi ba.

"Ɗari huɗu da bakwai," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

"Yaya, ba caca ake yi ba fa," in ji Kamilu.

"Shekara ashirin ina goya akwatin rigakafin garin nan. Ita ce aka rubuta da jan fenti a murfinsa. Ko sai na kawo maka murfin ka sa a na'urar?"

Kamilu ya canza layin. Shafin ya nuna ɗari biyu da sha ɗaya cif, ladan yana gyaran muryar kiran azahar.

Mota ta zo, aka yi wa Inna aiki. Ranar kwance bandeji, nas ta ce ɗakin ƙarami ne, mutum ɗaya zai shiga, fuskarsa Inna za ta fara gani. Su uku suka miƙe tare.

"Ku daidaita," in ji Inna daga ciki. "Ni na saba da jira."

Ba don Barira ba, babu sunayen, babu mai gano kuskuren. Ba don Kamilu ba, da azahar ta riske su a kan mutum na talatin, kuma babu wanda ya san da wata lamba a ɓoye. Tasi'u kuwa, kalma huɗu ya faɗa.

To, ku gaya mini, wa ya kamata ya shiga ɗakin nan?